Macizanmu biyu sun mutu a kwanciyar hunturu: yadda na bi sawun dalili

Na san wani zai tsaya tun a layin farko ya ce wane irin Bahaushe ne ke kiwon maciji a ɗaki. Ni ma da wannan tunanin na tashi. A unguwarmu a Zariya in aka ce maciji, sanda ake nema, in ba gardi ba kuwa babu mai kai masa hannu. Zaman Ingila ne ya kawo ni inda ban zata ba. A 2020 maƙwabcinmu a Leeds zai bar ƙasar, ya rasa inda zai kai macizansa uku, ɗana kuma da ma kullum yana gidansa yana kallonsu. Da roƙo da hawaye aka shigo da su gidanmu. Irin da ake kira macijin masara ne, asalinsa kudu maso gabashin Amurka, wajen Florida da Georgia. Ba shi da dafi, ɓera yake ci, ba a neman lasisi kafin a ajiye shi a Birtaniya, kuma in ya sami kulawa yana kai shekara 15 zuwa 20. Mata biyu ne da namiji ɗaya. Yaron ya raɗa musu suna Babba, Ɗan Ja da Auta. Ranar da na faɗa wa Hajiya a waya shiru ta yi, can ta ce, "Ɗan nan, Allah Ya shirye ka." Bayan shekara biyu sai ga shi ita ke tambaya ko sun ci abinci.

A ƙasarsu ta asali, in sanyi ya shigo macizan nan sukan shige rami su daina cin abinci, numfashi da bugun zuciya su ragu, su kwanta wata biyu zuwa uku. Ba barci ba ne sosai, don sukan motsa, sukan sha ruwa. Masu kiwo suna kwaikwayon wannan a gida, musamman masu son su hayayyafa. A daina ba su abinci mako biyu zuwa uku alhali ɗumin kejin yana nan yadda yake, don ciki ya wofinta, sannan a riƙa rage zafi sannu a hankali har ya sauka tsakanin digiri 10 da 15. Maƙwabcina ya ce haka yake yi duk shekara, ni kuma ban tambayi dalili ba. A hunturun 2021 na yi a garejinmu, aka fita lafiya. Shi ya sa a Nuwamban 2022 na sake ba tare da wani ɗar ba. Kowanne na sa shi a akwatin roba mai huji, da shimfiɗar takarda da ɗan kwanon ruwa, na jera su a ƙasa kan siminti jikin bango. Akwai ƙaramar hita da na'urar da ke kunna ta tana kashewa, da ma'aunin zafi na rataye a bango daidai fuskata. Duk yamma in na leƙa, 11 ko 12 nake gani.

Sai sanyin Disamba ya sauko. Wanda ke Birtaniya a lokacin zai tuna, kwana goma ko fiye ƙasa a daskare, ga kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabo, kowa yana lissafi kafin ya kunna hita. Daren Asabar bayan sallar isha'i na je canza musu ruwa. Ɗan Ja da Auta sun ɗaga kai a kasalance sun fito da harshe, yadda suka saba. Babba ba ta motsa ba. Na ɗago ta sai ta zubo a hannuna kamar jiƙaƙƙiyar igiya, baki a ɗan buɗe, rabin jikinta na baya ya juye ciki sama, ga wani koren tabo a tsakiyar cikin, ga wari kaɗan. Na daɗe a tsaye a garejin nan. Abin da ya fi damuna shi ne yadda zan faɗa wa yaro. Da yake na ɗauka sai Litinin za a buɗe asibitin dabbobi, sai na yi abin da na ga ya fi hankali: na naɗe ta a leda biyu na sa a firiza inda muke ajiye ɓerayensu, don kada ta ruɓe. Nan ne na tafka kuskuren da ya fi kowanne girma a duk wannan lamari. Na biyunsa kuwa, sauran biyun na bar su inda suke, don na ji an ce tayar da su farat ɗaya yana cutar da su.

Litinin da safe na kira asibitin dabbobin unguwarmu. Suka ce karnuka da kyanwoyi da zomaye kaɗai suke dubawa. Na kira na biyu, amsa ɗaya. A na uku aka ce in duba shafin hukumar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista a Birtaniya, ana iya tace asibitoci bisa irin dabbobin da suke karɓa. Da na san wannan tun farko, da ban ɓata awa biyu ba. Na sami wani asibiti mai tazarar minti 40 a mota. Matar da ta ɗauki waya ta tambayi irin macijin, da shekarunsa, da yaushe ya mutu, sannan ta ce ina mushen yake yanzu. Na ce a firiza. Ta ɗan yi jim. Ta ce tunda ya riga ya daskare in bar shi haka in kawo, amma in sani daskarewa tana farfasa ƙwayoyin nama, ƙanƙarar da ke taruwa a cikinsu kan lalata abin da ake dubawa a madubin likita. Abin da ya kamata shi ne firij, sanyi ba daskarewa ba, a kuma kawo cikin kwana ɗaya, iyaka biyu. Ta ba ni Laraba ƙarfe tara da rabi. Na manta ban ce mata akwai wasu biyu a gareji ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Daren Litinin wayewar Talata shi ne mafi sanyi. A Braemar ta Scotland an auna digiri 17 ƙasa da sifili. Da asuba na tarar da Ɗan Ja a miƙe jikin kwanon ruwa, da wani farin kumfa a gefen bakinsa. Wannan karon na ɗauko shi na ajiye a ɗaki kusan awa ɗaya ina kallo, don maciji mai tsananin sanyi yana iya kama da matacce alhali da ransa. Bai motsa ba. Na sa shi a leda biyu, cikin roba mai murfi, na nufi firij. Uwargida ta tare ni ta ce, "Haba Malam, mushen maciji kusa da madarar yara?" Gaskiyarta ce, macizai na iya ɗauke da salmonela, ƙwayar cutar da ke sa mutum gudawa, ko da lafiyarsu ƙalau. Muka kwashe duk abin da ke aljihun ƙasa, robar ta zauna can ita kaɗai, washegari na wanke firij ɗin gaba ɗaya. Auta kuwa na shigo da akwatinta zaure, inda babu hita amma ya fi gareji ɗumi nesa. Na sake kiran asibitin, aka haɗa ni da ma'aikaciyar jinya. Ta ce na yi daidai, kada in ɗora ta kan hita ko in tsoma ta a ruwan zafi, in bari ɗumi ya riƙa shigarta kaɗan-kaɗan cikin 'yan kwanaki, in zo da su duka ukun gobe. Ta kuma ce in auna sanyin garejin a daidai inda akwatunan suka zauna. Na sayo ma'auni mai riƙe mafi ƙasa da mafi sama a fam 12, na ajiye shi kan simintin ya kwana. Da safe ya nuna 3. Na bango yana nuna 10. Da na duba da kyau, sai na ga wayar da ke gaya wa na'urar zafin wurin ta zame ta faɗo kusa da hita, tana jin ɗumi tana kashe wuta, ƙasa kuwa tana ƙanƙarewa.

Ranar Laraba na ɗauki hutu a wurin aiki, yaron ya dage sai ya bi ni, na kira makaranta na nema masa izini. Auta tana cikin rigar matashin kai da aka ɗaure bakinta, a cikin akwati, da kwalbar ruwan ɗumi naɗe da tawul a gefe. A wurin karɓar baƙi aka ba ni takardu uku. Ta farko rajista ce, suna da adireshi da ko akwai inshora. Ba ni da ita, kuma aka gaya mini ko na yi yanzu ba za ta biya kuɗin ciwon da ya riga ya bayyana ba. Ta biyu amincewa ce a buɗe mushen, da zaɓin abin da za a yi da shi bayan an gama. Ta uku ita ta kunyata ni: tarihin kowane maciji, ranar da ya ci abinci na ƙarshe, girman ɓeran, ranar da ya yi kashi, ranar da ya yi saɓa, nauyinsa kafin kwanciya, ranar da aka fara rage zafi, ko an shigo da sabuwar dabba gidan. Na riƙe biro na rasa abin rubutawa. Yaron ya taɓa ni ya ce, "Abba, na zo da littafina." Ashe tun da aka kawo su yake rubuta ranar ciyarwa da nauyin kowa a wani tsohon littafin lissafi, da ma'aunin kicin na mahaifiyarsa yake auna su. Rubutun fensir ne, wani wurin ya goge, amma da shi muka cike takardar.

Mun jira kusan minti 50. Kusa da mu wani saurayi yana riƙe da ƙaramar mesa irin mai dunƙulewa kamar ƙwallo, wadda ake kwasowa daga Ghana da Togo da Benin, akwai ta a Najeriya ma. Na faɗi wannan ne saboda na ga masu irinta suna tambayar yadda za su sa ta kwanciyar hunturu. Kada a yi. 'Yar yankinmu ce, sanyin da ta sani bai wuce na hunturun gida ba, digiri 12 na makonni yana iya hallaka ta.

Likitar ta fara da mai rai, kuma na ga hikimar hakan. Ta auna Auta, giram 410, littafin yaro ya nuna 445 a Nuwamba. Ta ce raguwar da saura, amma da ta kai kashi 10 cikin 100 ya kamata a katse kwanciyar ko da babu wata alama. Ta buɗe bakinta da ɗan ƙarfe mai faɗi ta nuna mini yawu mai yauƙi a bakin maƙogwaro, ta ce in kasa kunne. Na ji wani ɗan ƙas, ƙas, duk numfashi. Gabana ya faɗi, don na tuna na taɓa jin irinsa a wurin Ɗan Ja tun Oktoba, na ɗauka saɓa zai yi. Ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba: irin wannan maciji huhu ɗaya ne ke masa aiki, dogo, kuma ba shi da tantanin da ke raba ƙirji da ciki, saboda haka ba ya iya tari ya fitar da majina. Garkuwar jikinsa kuma da ɗumi take aiki. In ka sanyaya shi da ɗan ciwo a huhu, ka kwantar da mai gadi ne ka bar ɓarawo a cikin gida. Aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka wanko cikinta da siririn bututu don gwaji tunda babu kashin da za a ɗiba, aka yi mata ƙarin ruwa da allurar farko. Sauran alluran ni zan yi a gida duk kwana uku, a naman gefen baya, a kashi ɗaya cikin uku na gaban jiki. Sai da ta sa na gwada a gabanta da ruwan gishiri, hannuna yana rawa, kafin ta yarda.

Sannan muka zo kan matattun. Ta zayyana mini matakai da kuɗin kowanne kafin a taɓa komai, kuma ina ba kowa shawara ya nemi haka a rubuce. Buɗewa a duba da ido fam 85 kowanne. Aika yankan huhu da hanta da ƙoda da tumbi ɗakin gwaje-gwaje fam 160. Shuka ƙwayar cuta a gane irinta da maganin da ke kashe ta fam 70. Ta ce a kan Babba ba za ta ba ni shawarar biyan na biyu da na uku ba, kuɗina zan zubar. Na yarda. Da na tambaya game da koren tabon, ta ce ruwan maɗaciya ne ke rina fata bayan mutuwa, ba shi ne ciwon ba. Wurin zaɓin abin da za a yi da mushen na so in kai su gida in binne, amma gidan haya muke, sai da izinin mai gida, ƙasa kuma ta daskare. Na sa hannu a kan ƙonawa tare da sauran dabbobi, fam 30, raina bai so ba. Ganin likita 62, hoto 120, gwajin wankin ciki 75, magani 40. Ranar kaɗai na biya fam 727. A mota yaron bai ce uffan ba har muka iso gida, yana rungume da akwatin Auta.

Da yammacin ranar likitar ta kira da abin da ido ya gani. Huhun Ɗan Ja cike yake da majina mai kauri, ƙodarsa da ɗigo-ɗigon fari kamar garin alli, alamar ya daɗe bai sha ruwa sosai ba. Babba kuwa kitsen cikinta kaɗan ne, kuma an sami ragowar gashin ɓera da ƙashi a hanjinta. Muka koma littafin yaro. Ashe a ƙarshen Oktoba ta ƙi cin abinci, sai na sake ba ta bayan mako guda ta ci, na manta da wannan, na rage zafin duka ukun rana ɗaya. Kwana tara kacal ta samu, sauran suka sami 16. Abinci ba ya narkewa a cikin maciji mai sanyi, ruɓewa yake yi. Likitar ta ce wannan yana iya zama sanadi, sanyin simintin ma yana iya zama, ciwo irin na Ɗan Ja ma haka, amma ba za ta rubuta abin da ba ta tabbatar ba. A takardar Babba an rubuta ba a gano dalilin mutuwa ba, nama ya lalace da daskarewa. Na karanta layin nan ya fi sau goma. Da na sani ƙeya ce.

Jiran sakamakon Ɗan Ja ya fi komai cin rai. An ce kwanakin aiki bakwai zuwa goma, sai hutun Kirsimeti da sabuwar shekara suka shiga tsakani, ya kai mako uku. Sakamakon shuka ƙwayar cuta ne ya fara zuwa: sudomonas, ƙwayar da ke son danshi da ruwan da ya kwana a kwano, kuma maganin da Auta ke karɓa yana kashe ta, don haka ba a canza ba. Nan na gane amfanin binciken. Ba zai dawo da matacce ba, amma shi ya tabbatar mai rai tana kan maganin da ya dace. A farkon Janairu rahoton yankan nama ya iso ta imel, shafi biyu, Turancin likitoci. Kada ka zauna kana fassara shi kai kaɗai da tsakar dare kamar yadda na yi, nemi likita ta kira ka, bai ci mini ko sisi ba. Taƙaicensa ciwon huhu mai tsanani da ya ɗauki makonni yana ci, da lahani a ƙoda. Babu alamar kirifto a tumbinsa, wato ƙwayar nan da ke kumbura tumbin maciji ta sa shi amai, wadda ruwan bilic na gida ba ya kashewa. Gwajin Auta ma bai nuna ta ba, amma aka ce a maimaita da kashi in ta fara ci, domin ƙwayar ba kullum take fitowa a gwaji ba. Komawa asibiti fam 45, maimaita gwaji 55. Jimla fam 827.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar da likitar ta yi mini a zuwa na biyu: da ma kana son su hayayyafa ne? Na ce a'a. Ta ce to ba dole ba ne a kwantar da su, macijin masara na gida yana rayuwarsa lafiya da ɗumi duk shekara. Shekara biyu ina yin abu mai haɗari don kawai na gaji shi daga maƙwabci. Wanda zai yi duk da haka, ya kai dabbar a duba ta tare da kashinta tun Satumba ko Oktoba, wanda aka ji yana ƙas-ƙas ko ya rame ko bai kai shekara biyu ba a bar shi a ɗumi. Lissafin kwanakin daina abinci na kowane maciji daban ne, daga ranar da shi ya ci. Ma'auni ya zauna cikin akwati, ba a bango ba, ya kasance mai nuna mafi ƙasan da dare ya kai, don sanyin da ke kisa ƙarfe huɗu na asuba yake zuwa, lokacin kana cikin bargo. A ɗaga akwati daga siminti, a manne wayar na'urar inda ba za ta zame ba. Ruwa a canza shi a wanke kwanon, awo duk mako biyu a rubuta. Lambar likitan da ke duba masu jan ciki ta kasance a wayarka tun kafin ka buƙace ta. In kuwa ɗaya ya mutu, firij, ba firiza ba, kuma a ranar a fara fito da sauran.

Auta ta sha allura bakwai. Yaron ne ke riƙe kanta a cikin tawul yana mata magana, ni ina sokawa. Wajen ta huɗu ƙarar numfashin ta ɗauke. A mako na uku na Janairu, kejinta yana kan digiri 29 a gefen ɗumi, muka narkar da ƙaramin ɓera muka miƙa mata da hantsaki. Ta daɗe tana lasar iska, sannan ta cafke. Yaron ya ruga ya ɗauko littafinsa ya rubuta ranar, ya ce, "Abba, a kira Hajiya a faɗa mata." Na kira, ta ce alhamdulillahi, ta ƙara da cewa kada ta sake jin an kai baiwar Allah nan gareji. Akwatunan robar guda uku suna can har yanzu a kan kanta, uwargida ta zuba tsofaffin takalman yara a biyu daga ciki.